Sharhi ne ko Nassi? Muhawara a Kan Littattafan Brahmana na Hindu

Malam Mai-Nazari:

Assalamu alaikum. A karatun da muke yi na tarihin addinan duniya, yau ina so mu tsaya a kan wasu tsofaffin littattafan Hindu da ba kasafai ake ambatonsu ba, wato waɗanda ake kira Brahmana. Duk wanda ya leƙa wannan fanni ya ji sunan Veda guda huɗu, Rigveda da Samaveda da Yajurveda da Atharvaveda, kuma yawancinmu mun ɗauka waƙoƙin yabon alloli ne kawai a cikinsu. Alhali kuwa a wurin masu shi kowane Veda hawa huɗu ne. Akwai Samhita, wadda ta tattara baitoci da kalmomin da ake furtawa a wurin hadaya. Sai Brahmana, wanda zube ne cikin tsohon harshen Sanskrit, yana bayanin yadda ake hadayar da dalilin kowane motsi a cikinta. Bayansu sai Aranyaka da Upanishad, inda magana ta karkata zuwa tunani a kan rai da asalin halitta.

Masu bincike sun fi ajiye zamanin tsara littattafan Brahmana tsakanin shekara ta 900 da ta 600 kafin Miladiyya, a arewacin Indiya, daga ƙasar Kuru da Panchala har zuwa Videha ta gabas, inda arewacin jihar Bihar yake a yau. Rigveda yana da Aitareya mai babi 40 da Kaushitaki mai babi 30, Samaveda yana da Panchavimsha da Jaiminiya, Atharvaveda yana da Gopatha, shi kuwa Yajurveda yana da Taittiriya da Shatapatha, wanda ya fi sauran shahara, mai babi 100 a riwayar Madhyandina da 104 a riwayar Kanva.

Masu bin tsohuwar hanya cikin Hindu sun saka waɗannan littattafai a cikin shruti, wato abin da aka ji ba abin da mutum ya wallafa ba, daraja ɗaya da baitocin kansu. Ni kuwa a ganina sharhi ne da malamai suka yi wa abin da suka gada, daga baya girmamawa ta ɗaga shi har ya hau kujerar matani. Ina neman wanda zai nuna mini inda wannan fahimta ta gaza.

Baba Alƙali:

Wa alaikumus salam. Malam, kafin a yi nisa ina so a daidaita ma'auni. Mu da muka tashi a zaure mun san sharhi da alamominsa: matani yana gaba, mai sharhi ya ɗauko jumla, ya warware lafazinta, ya kawo saɓanin malamai a kanta, sannan ya wuce ta gaba, kamar yadda aka yi wa Risala da Muhtasar, har bayan sharhin a sami hashiya. To, shin wannan Aitareya da ka ambata yana bin Rigveda baiti bayan baiti ne daga farko har ƙarshe? Idan haka yake, maganarka ta zauna. Idan kuwa ba haka yake ba, to mun ara masa rigarmu ne, kuma duk hukuncin da muka gina a kan wannan aro zai karkace. Tambaya ta biyu kuma, a littattafan tauhidi muna karanta wasu mutanen Hindu da ake kira Barahima, waɗanda aka ce suna ganin hankali ya wadatar ba sai an aiko manzanni ba. Mece ce alaƙarsu da waɗannan littattafai?

Ɗalibin Pune:

Baba, Allah ya ƙara girma. Barahima su ne rukunin malaman hadaya da ke gadon wannan aiki uba da ɗa, kuma littattafan Brahmana karatun sana'arsu ne. Game da tambayar farko kuwa, amsar ita ce ba ya bin baitoci a jere. Abin da littafin Brahmana yake bi shi ne aikin hadaya daga matakin farko zuwa na ƙarshe, sai idan aikin ya kai inda ake furta wani baiti sannan ya ɗauko shi, ya faɗi dalilin da ya sa shi ya dace da wurin. Shatapatha ya buɗe ne da hadayar tsayuwar wata da ta cikarsa. Mai hadaya ya tsaya tsakanin wuta biyu daga cikin wutarsa uku, ya fuskanci gabas, ya taɓa ruwa. Nan take littafin ya tsaya ya yi bayani: mutum ba shi da tsarki saboda yana faɗin ƙarya, ruwa kuwa mai tsarkakewa ne, don haka yake taɓa shi kafin ya furta cewa ya bar ƙarya ya shiga gaskiya. Haka yake tafiya a kan cokalin katako da ciyawar da ake shimfiɗawa da adadin itacen da ake sa wa wuta, babu abin da yake wucewa ba tare da ya ba shi dalili ba.

Kowane littafi kuma yana da wanda aka yi shi dominsa. Na Rigveda don mai karanta baitoci ne, wanda ake kira hotar, na Samaveda don mai rera su da murya, udgatar, na Yajurveda kuma don adhvaryu, wanda shi ne mai aikin hannu, mai awo da zubawa da ginawa. Shi ya sa Aitareya ya fi mai da hankali ga hadayar tsiron soma, inda aikin hotar ya fi yawa.

Akwai wani abu da zai wahalar da ra'ayin Malam. A reshen da ake kira Baƙin Yajurveda, irin su Taittiriya da Maitrayani da Kathaka, kalmomin hadaya da bayaninsu a cakuɗe suke a cikin Samhita ɗin kanta, babu katanga tsakaninsu. A Farin Yajurveda ne aka raba su, kalmomin suka koma Vajasaneyi Samhita, bayanin ya zama Shatapatha. Sharhi irin wanda Baba ya siffanta, mai bin lafazi ɗaya bayan ɗaya, wanda ya fi shahara da shi shi ne Sayana, wazirin daular Vijayanagara a kudancin Indiya, wanda ya rasu a 1387. Shi kuwa bai tsaya ga baitoci ba, ya yi wa Aitareya da Taittiriya da Shatapatha sharhi su ma, domin a wurinsa matani ne.

Malamar Adabi:

Sallama gare ku. Ni ta ƙofar adabi na shiga wannan karatu, kuma abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne cewa a nan ne zuben Sanskrit ya fara miƙe ƙafa, da gajerun jumloli masu maimaici, irin na malamin da ke koyar da ɗalibi baki da baki. A tsakiyar bayanin cokali da tukunya sai mutum ya ci karo da labari. A Shatapatha ne aka kawo labarin Manu, uban 'yan Adam a aƙidarsu, wanda ɗan ƙaramin kifi ya faɗo masa a hannu yana wanke hannu da safe, ya roƙe shi ya rene shi, shi kuma zai cece shi daga ambaliyar da za ta share halitta. Manu ya sa shi a tulu, ya mai da shi rami, ya kai shi teku, ranar da ruwa ya taso kuma ya ɗaure igiyar jirginsa a ƙahon kifin har suka isa dutsen arewa. Na san zukatanmu za su tafi ga ɗufana, amma a lura cewa a wannan riwaya babu zunubi babu azaba, kuma an kawo labarin ne don a bayyana asalin wani kaso na abin hadaya da ake kira ida, wadda aka ce mace ce da ta fito daga man shanu da nonon da Manu ya zuba a ruwa bayan ambaliyar.

A Aitareya kuma akwai labarin Shunahshepa, yaron da mahaifinsa ya sayar a kan shanu ɗari don a yanka shi a madadin ɗan sarki Harishchandra, ya ƙara karɓar ɗari ya ɗaure shi, ya ƙara ɗari ya ɗauki wuƙa, sai yaron ya yi ta yabon alloli har ɗaurin ya kwance. Ana karanta wa sarki wannan labari a bikin naɗinsa. Baitocin da yaron ya yi suna nan a Rigveda, amma labarin da ya haɗa su wuri ɗaya a Brahmana yake. Saboda haka, Malam, wanda ya kira shi sharhi kawai ya rage masa haƙƙi, domin yana kawo abin da babu shi a matanin ko kaɗan.

Ɗan Maradi:

Gafara dai malamai, ni ɗan koyo ne. Wutar nan da muke gani ango da amarya suna zagayawa a finafinan Indiya, tana cikin abin da waɗannan littattafai suke bayani? Kuma shin har yanzu akwai masu yin irin hadayar da kuke siffantawa, ko dai ta zama labarin da?

Ɗalibin Pune:

Yaya, wutar aure tana cikin ibadun gida, masu wuta ɗaya, kuma littattafan da suka tsara ta su ne Grihya Sutra, waɗanda suka zo daga baya. Brahmana ya fi damuwa da manyan hadayu masu wuta uku, waɗanda ake kira shrauta, wasunsu ma sai da malamai goma sha shida. Waɗannan sun yi ƙaranci ƙwarai amma ba su ƙare ba. A watan Afrilu na 1975, Barahiman Nambudiri na ƙauyen Panjal a jihar Kerala sun yi Agnicayana, hadayar kwana 12 da ake gina bagade mai siffar tsuntsu ya buɗe fukafukai, hawa biyar na tubala, kowane hawa tubali 200. Wani masani ɗan ƙasar Holan, Frits Staal, shi da abokan aikinsa suka ɗauki aikin gaba ɗaya a faifai da hoto, ya fitar da shi cikin mujalladi biyu a 1983. Saboda ƙorafin jama'a a kan yanka, sai aka yi amfani da curin garin shinkafa a madadin awaki. Wannan sauyi yana da madogara a cikin littattafan kansu, domin Aitareya da Shatapatha duka sun ce abin da ya sa dabba ta cancanci hadaya ya fita daga mutum ya shiga doki, daga doki ya shiga sa, ya shiga tunkiya, ya shiga akuya, daga nan ya nutse ƙasa ya fito a matsayin shinkafa da sha'ir.

Malam Mai-Nazari:

Na gode da wannan bayani, kuma na karɓi cewa abin da ake wa sharhin aiki ne ba jerin baitoci ba. Amma wannan bai kawar da asalin maganata ba, wato cewa muryar mutane ce ake ji a ciki, muryar malamai masu saɓani. A Shatapatha za ka ga an ce wasu suna yin kaza, sai a ce kada a yi haka, ga dalili. A kashi biyar na farko sunan Yajnavalkya ne ake kafa hujja da shi, daga na shida zuwa na goma, inda ake maganar ginin bagade, sai sunan Shandilya ya maye gurbinsa, abin da ya sa masu bincike suka ce makarantu biyu aka haɗa a littafi ɗaya. Akwai ma wurin da aka hana mai hadaya cin naman saniya da na sa, sai aka kawo Yajnavalkya yana cewa shi dai yana ci muddin naman mai taushi ne. A ƙarshen wasu sassa kuma an jero silsilar malamai, wane ya karɓa daga wane. Wannan duk kamannin karatun makaranta ne.

Ba ni kaɗai nake faɗin haka ba, a cikin Hindu ma akwai masu wannan ra'ayi. Dayananda Saraswati, wanda ya kafa ƙungiyar Arya Samaj a Bombay a 1875, ya ce Samhita ce kaɗai Veda, Brahmana kuwa bayanin magabata ne, ana karɓarsa idan ya dace da Samhita, a ajiye shi idan ya saɓa mata. Ɗaya daga cikin hujjojinsa shi ne cewa littafin da ya ambaci sarakuna irin su Janaka da abin da ya faru a fadarsu dole ne a ce bayan su ya zo.

Malamin Falsafa:

Malam, Dayananda ya zo ne a ƙarni na 19, kuma ya saɓa wa abin da aka tafi a kai fiye da shekara dubu biyu kafinsa. Apastamba ya faɗa ƙarara a littafinsa na ƙa'idojin hadaya cewa sunan Veda ya ƙunshi mantra, wato baitoci da kalmomin hadaya, da Brahmana duka biyu. Makarantar Mimamsa kuwa, wadda aikinta ke nan fitar da hukunci daga nassi, ta tafi inda ya fi haka nisa. A wurin Jaimini, mai littafin ƙa'idojin makarantar mai babi 12, da Shabara da ya yi masa sharhi, da Kumarila na wajen ƙarni na 7, manufar Veda ita ce ya umarci mutum da abin da ido da hankali ba za su gano masa ba. To, ina umarnin yake? Baiti yana yabon Agni, abin bautarsu na wuta, ko Indra, sarkin allolinsu, ne, ba ya cewa wanda ke son aljanna ya yi hadaya kaza. Wannan jumlar umarni, da suke kira vidhi, a zuben Brahmana take. Ke nan a lissafinsu Brahmana ne ke ɗauke da hukunci, baitin kuwa kayan aiki ne da ake furtawa don a tuna abin da ake yi da wanda ake yi dominsa.

Labaran da Malama ta kawo sun ba su wahala, domin labari ba ya umarni da komai. Jaimini da kansa ya kawo wannan suka, sannan ya amsa cewa labarin da umarnin da ke kusa da shi magana ɗaya ce, aikin labarin shi ne ya yabi abin da aka umarta ko ya kushe abin da aka hana. Suna kiran wannan arthavada. Misalinsu sananne daga Taittiriya yake, inda aka ce Agni ya yi kuka, hawayensa suka zama azurfa, don haka ba a ba da azurfa a matsayin ladan hadaya, wanda ya bayar kuwa kafin shekara za a yi kuka a gidansa. Ɗan Mimamsa ba ya tambayar ko kukan ya faru, abin da yake ɗauka shi ne kada a ba da azurfa. Sunayen mutane kuma suka ce ko dai na waɗanda suka shahara da koyar da reshen ne, ko kuma lafuzza ne masu ma'ana ta dindindin da suka yi kama da suna, domin a aƙidarsu Veda ba shi da mawallafi ko kaɗan, mutum ko wani abin bauta.

Baba Alƙali:

Wannan bayani ya yi mini amfani, Malam. Duk wanda ya karanta usulul fiƙihu zai gane hanyar, domin mu ma muna raba magana zuwa umarni da hani da labari, muna tambayar abin da sigar umarni take hukuntawa, muna neman yadda za a haɗa nassi biyu da suka yi kamar sun ci karo. Sai dai kamancen a hanya ya tsaya, bai kai ga tushe ba. Mu ƙissar da ta zo a nassi muna gaskata aukuwarta sannan mu ɗauki darasinta, kuma nassin maganar Mai magana ce, Maɗaukaki. Su kuwa, yadda ka bayyana, umarni ne ba mai umarni. Abin da na fahimta dai shi ne tambayar Malam Mai-Nazari tambaya biyu ce a riga ɗaya: yadda littafin ya samu a tarihi, da matsayin da masu shi suka ba shi a hukunci. A ta farko hujjarsa tana da ƙarfi. A ta biyu kuwa ba mu ne za mu yanke musu ba, kuma Apastamba ya riga Dayananda magana.

Malamar Adabi:

Baba, ni ina ganin ba za a raba tambayoyin biyu sarai ba, domin wanda ya ba littafin wannan matsayi shi ne wanda littafin ya ɗaukaka. Shatapatha ya ce alloli iri biyu ne, na sama da kuma Barahiman da suka yi karatu, na farko ana faranta musu da abin da aka zuba a wuta, na biyu da ladan hadaya, wato dakshina, wanda shanu ne da zinariya da tufafi da dawaki. Aitareya kuma ya siffanta Shudra, wato mutumin rukunin ƙasa a tsarin al'ummarsu, a matsayin baran wani, wanda ake kora yadda aka ga dama. A cikinsa ne aka ba da labarin Kavasha Ailusha, wanda masu hadaya a bakin kogin Sarasvati suka kore shi zuwa hamada don an ce ɗan baiwa ne, sai da kogin ya bi shi bayan ya yi wasu baitoci sannan suka dawo da shi. Mace kuma dole ce a wurin hadaya, har Shatapatha ya kira ta rabin mijinta, amma tana nan ne a matsayin matar mai hadaya, kuma karatun a hannun maza ya zauna. Idan aka ce wa irin wannan magana ba ta da mawallafi, an rufe ƙofar tambayar wa ya faɗe ta kuma wa ta amfana.

Malam Mai-Nazari:

Malama ta taɓo inda Turawan farko suka tsaya. Albrecht Weber ya buga Shatapatha a 1855, Martin Haug ya fassara Aitareya a 1863, Julius Eggeling kuma ya fassara Shatapatha zuwa Ingilishi cikin mujalladi biyar tsakanin 1882 da 1900, amma ba su yi aikin da so ba. Max Müller ya ce a 1859 kamata ya yi a karanci waɗannan littattafai yadda likita yake nazarin sambatun mahaukata. Ni ban kai can ba, amma ina da tambaya ta gaskiya. Littafin da ya ce rana ba za ta fito ba in ba a zuba madara a wuta da asuba ba, wanda kuma yake cewa shekara ita ce Prajapati (ubangijin halitta a aƙidarsu), Prajapati shi ne hadaya, hadaya ita ce mai hadaya, shin akwai tsari a ciki ko kuwa duk abin da ya zo baki ake haɗawa? Shi kansa Staal, bayan duk wahalar da ya sha a Panjal, ya rubuta a 1979 cewa ibadar ba ta nufin komai sai bin ƙa'ida, ma'anonin daga baya ake liƙa mata.

Malamin Falsafa:

Akwai tsari, Malam, kuma lissafi ne. Sun raba yini da dare zuwa muhurta 30, kowace kimanin minti 48, shekararsu ta hadaya kuma kwana 360 ce, wanda ya ba da muhurta 10,800. Kashi na goma na Shatapatha ya ce tubalan cike na bagaden, a nasa tsarin ba na Panjal ba, 10,800 ne, duwatsun da ke kewaye da shi kuma 360. Sannan ya ƙirga gaɓoɓin Rigveda a matsayin baiti 12,000 masu gaɓa 36, wato 432,000, wanda daidai yake da 10,800 sau 40. Tunanin shi ne Prajapati, bayan ya fitar da halitta daga jikinsa, gaɓoɓinsa sun kwance, masu ginin bagade kuma suna sake harhaɗa shi, don haka dole lokaci da magana da tubali su faɗa a kan adadi ɗaya. Mutum yana iya ƙin yarda da aƙidar, kamar yadda muka ƙi, amma ba zai kira ta sambatu ba. Buƙatar gina bagade mai siffa daban ba tare da faɗinsa ya canza ba ita ce ta haifi littattafan Shulba Sutra, inda Baudhayana ya faɗi ƙa'idar tsawon igiyar da ta ratsa murabba'i daga kusurwa zuwa kusurwa, wadda muke koya wa yara da sunan Pythagoras.

Abin da ya fi wannan muhimmanci ga matsayin littattafan shi ne cewa Upanishad daga cikinsu ta tsiro, ba daga waje ta zo ba. Brihadaranyaka Upanishad ita ce ƙarshen Shatapatha, Chandogya kuma babi takwas ne na ƙarshe na Chandogya Brahmana. Brihadaranyaka ta buɗe da cewa alfijir shi ne kan dokin hadaya, rana idonsa, iska numfashinsa, wato hanyar nan ce ta daidaita abu da abu. Brahmana yana yawan cewa wanda ya san haka zai sami kaza, har sanin ya yi nauyi ya fara gogayya da aikin. Da aka ci gaba da neman abin da komai yake daidai da shi, sai aka isa ga daidaita ran mutum da asalin komai, kuma Yajnavalkya ɗin nan mai maganar nama shi ne ke kare wannan ra'ayi a fadar Janaka. Daga baya Mundaka Upanishad ta kira hadayu jirage marasa ƙwari, Shankara, babban malamin falsafar Hindu, kuma ya fifita sashen sani a kan sashen aiki, amma ko shi da ƙa'idojin Mimamsa yake karanta nassinsa.

Ɗan Maradi:

Allah ya saka da alheri. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, littafi mai babi ɗari, zube ba waƙa ba, an ce an tsara shi tun kafin rubutu ya yaɗu a ƙasar. Ta yaya ya iso wannan zamani?

Baba Alƙali:

Ɗana, wannan tambaya wani malaminmu ya amsa ta tun tuni. Abu Raihan al-Biruni, wanda ya koyi Sanskrit ya rubuta littafinsa a kan Indiya wajen shekara ta 1030, ya ce Barahima ba su yarda a rubuta Veda ba, saboda ana karanta shi da wasu karin murya da alƙalami ba ya iya riƙewa, kuma suna haddace shi ɗaya daga ɗaya, da yawansu ba tare da sanin ma'anarsa ba. Ya ƙara da cewa ba da daɗewa ba kafin zamaninsa wani mutumin Kashmir mai suna Vasukra ya ɗauki nauyin rubuta shi da bayaninsa, don tsoron kada ya ɓace daga zukatan mutane. Shi ma Biruni bai yarda da aƙidarsu ba, amma ya ce aikinsa shi ne ya kawo maganarsu yadda take, kuma wannan ne ladabin da nake so mu riƙe a wannan zaure.

Ɗalibin Pune:

Haka ne, Baba. A nan birnin Pune na Indiya, a cibiyar Bhandarkar, akwai kwafin Rigveda na hannu guda 30 da hukumar UNESCO ta saka a rajistarta ta muhimman takardun tarihi na duniya a 2007, mafi tsufa a cikinsu na shekara ta 1464 ne, wato tazarar da ke tsakaninsa da baitocin ta wuce shekara dubu biyu, kuma hadda ce ta cike ta. Amma a nan akwai abin da zai ɗan ƙarfafa Malam Mai-Nazari. Baitocin Samhita an kewaye su da hanyoyin hadda masu tsauri, ana karanta su kalma kalma, sannan bibbiyu, sannan gaba da baya a saƙe, don kada harafi ɗaya ya motsa. Littattafan Brahmana ba su sami wannan gata ba. Biyu ne kawai cikin manyansu suka iso da alamomin karin murya, Taittiriya da Shatapatha, sauran an rasa nasu. Kuma kowane littafi rayuwarsa tana rataye da reshen da ke karanta shi, idan gidajen reshen suka ƙare shi ma ya tafi. Akwai Brahmana na Shatyayana da na Bhallavi waɗanda ba a san su ba sai ta jumlolin da wasu marubuta suka ciro daga cikinsu. Jaiminiya, wanda yana cikin mafi girma kuma mafi yawan labarai, saura kaɗan ya bi su, domin masu riƙe da reshensa sun rage a Kerala da Tamil Nadu, kuma cikakken bugunsa bai fito ba sai a 1954, ta hannun Raghu Vira da Lokesh Chandra.

Malam Mai-Nazari:

To, wannan hujja ce da ban zo da ita ba, kuma ina riƙe ta: a baki an ce daraja ɗaya, amma a wurin tsaro an fifita baiti a kan zube. Malamin Falsafa, ina so ka dawo mana da yadda 'yan Mimamsa suke yi idan umarnin Brahmana na wani reshe ya saɓa wa na wani reshe a kan hadaya ɗaya, kamar lokacin zuba madarar safe, inda wasu suka ce kafin fitowar rana wasu suka ce bayanta, kowanne kuma ya kushe ɗan uwansa. Idan duka biyun ba su da mawallafi, wanne mai hadaya zai bi?